Daga shagon gyaran talabijin zuwa ɗakin filasma

Mahaifina mai gyaran rediyo da talabijin ne a Funtuwa, kuma a shagonsa na yi wayo. Dokokinsa ba su da yawa, amma akwai wadda ba ya wasa da ita: kada a kusanto da sifika kusa da fuskar talabijin mai kala. Duk ranar da wani yaron shago ya yi sakaci ya jingina sifika a jikin akwatin, sai ka ga kusurwar hoton ta rine, fuskar mai karanta labarai ta koma shuɗi da kore. Baba ya san maganaɗisun da ke bayan sifikar ne ke jawo haka, har yana da wani naɗin waya da ya yi da hannunsa wanda yake zagaya fuskar gilashin da shi launin ya dawo. In na tambaye shi dalili sai ya ce, "Kai dai riƙe min testa." Testar nan kuwa, sukundireban da ake taɓa waya da shi a ga ko da wuta, akwai wani ɗan ƙwai a cikinta da ke yin ja-ja kamar ruwan lemo. Gas ɗin niyon ne a ciki. Wato tun ban kai shekarun shiga sakandare ba nake yawo da filasma a aljihu.

Filasma gas ce da aka ba wa zafi ko wutar lantarki har ilektoron suka suɓuce daga jikin ƙwayoyin zarra. Ƙwayar da ta rasa ilektoron ta zama mai cajin fozitif, ita ake kira ayon, su kuma ilektoron ɗin suna yawo da nasu cajin na negatif. Walƙiya filasma ce, haka wutar walda, haka hasken da ke cikin doguwar fitilar fulorasan, haka ita kanta rana. Gas na yau da kullum ba ruwansa da maganaɗisu, amma da zarar ya zama filasma sai ya fara jin magana, don duk abin da ke da caji kuma yake tafiya, maganaɗisu na karkatar da shi gefe.

Wannan bayanin na haddace shi a jami'a lokacin da nake karatun fiziks. Mun san Irving Langmuir ne ya raɗa wa abin suna a 1928, mun san lissafin da'irar da ilektoron ke yi, mun rubuta a jarrabawa mun ci. Amma har na gama ban taɓa ganin an kunna gas a cikin gilashi an kawo maganaɗisu kusa da shi ba. Akwai kwalaben a kabad, ƙura ta lulluɓe su, famfon zuƙe iskar ya daɗe da mutuwa. Bayan hidimar ƙasa na samu koyarwa a wata kwaleji, na ci gaba da zuba wa yara abin da aka zuba min, daga allo zuwa littafi. Har yau ina ganin wannan ita ce babbar cutar da ake yi wa ɗalibin kimiyya a wurinmu. Ilimin da aka gano shi da ido da hannu, mun mayar da shi hadda.

Allah cikin ikonsa na samu gurbin ƙaro karatu a wata jami'a a Maleshiya. Farfesan da aka haɗa ni da shi aikinsa shafa wa gilashi da ƙarfe wani siririn rufi ta hanyar filasma. Injin tukunya ce ta ƙarfe marar tsatsa, da 'yar taga ta gilashi a gefe. A ciki akwai faifan ƙarfen da ake so a kankaro, a bayan faifan kuma an jera maganaɗisu, ɗaya a tsakiya, sauran sun kewaye shi, ta yadda layukan ƙarfinsu ke fitowa ta gaban faifan su lanƙwasa su koma. Ana kwana ana zuƙe iskar tukunyar, da safe a sako gas ɗin agon kaɗan, a ba faifan wuta mai ƙarfin bolt 300 zuwa 500.

Mai kula da injinan wani dattijo ne Bamale, mai ƙarancin magana, wanda mu 'yan Najeriya muke ce wa Baba. Ranar farko ya kashe fitilar ɗakin, ya murɗa makunnin a hankali, ya ce in leƙa. Da farko duhu. Can sai wani haske mai launin shuɗi da ja-ja ya tashi, kuma bai cika tukunyar ba: ya taru ya yi zobe a gaban faifan, daidai inda layukan maganaɗisun ke kwance. Tsakiyar zoben dishi-dishi, gefensa dishi-dishi, shi kuwa zoben har yana kashe ido. Na daɗe a tsugune a wurin. Da ya ciro wani tsohon faifai ya miƙo min, sai na ga an ci masa rami mai zagaye, sumul, daidai faɗin zoben, sauran jikinsa kuwa kamar ba a taɓa shi ba. Na sa yatsa na bi ramin.

Wata rana da ake wa injin garambawul, ya cire maganaɗisun gaba ɗaya ya ce in kunna. Na ba shi wuta iri ɗaya, gas iri ɗaya, shiru. Sai da muka ninka yawan agon ɗin kusan sau goma sannan wani raunannen haske ya bazu ko'ina. Dalilin shi ne idan gas ya yi ƙaranci, ilektoron kan tashi daga faifan ya je ya bugi bangon tukunya bai gamu da ko ƙwaya ɗaya ta agon ba. Maganaɗisu shi ke tsare shi. Yana sa shi ya yi ta kewaya layin kamar ɗan akuyar da aka ɗaure a turke, kuma tsawon igiyar ya danganta da nauyin abin da aka ɗaure da saurinsa da ƙarfin maganaɗisun. Ilektoron da aka hana tafiya zai yi ta zagaye har ya ci karo da agon ya fizge masa nasa ilektoron ɗin, su zama biyu, biyun su zama huɗu.

A nan ne lissafin da na haddace ya fara yi min ma'ana. Ƙarfin maganaɗisun a gaban faifanmu wajen gaus 300 ne, kusan ninki dubu na wanda ƙasa ke da shi a yankinmu. Ilektoron da bolt 400 ya ingiza, daga tsakiyar da'irarsa zuwa bakinta bai wuce milimita 2 da 'yan kai ba. Ka ɗauki ayon na haidurojin, wanda ya fi kowane ayon sauƙi amma duk da haka ya ninka ilektoron nauyi sau 1836, ka ba shi ƙarfi iri ɗaya: tasa ta kusa santimita 10. Ta hiliyom wajen santimita 19. Ta agon, mai nauyin 40 in an ɗauki na haidurojin a matsayin 1, santimita 60. Ta zinon, mai nauyin 131, ta haura mita ɗaya. Tukunyarmu gaba ɗaya ba ta kai faɗin da ayon na agon zai gama ko rabin zagaye ba. Saboda haka a cikin haske ɗaya da nake kallo akwai jama'a biyu: ilektoron da maganaɗisu ya ɗaure tamau, da ayon masu nauyi da ko a jikinsu, suna faɗawa kan faifan kai tsaye suna ɓantaro ƙwayoyin ƙarfe. Duk sana'ar a kan wannan rashin daidaiton ta ginu.

Farfesa yana da al'ada, duk sabon ɗalibi sai ya sa shi ya gwada gas daban-daban kafin ya taɓa aikinsa na gaske. Hiliyom ya fi ba ni wahala. Kafin a fizge masa ilektoron sai an kashe ilektoron-bolt 24.6 (ilektoron-bolt shi ne ƙarfin da bolt ɗaya ke ba ilektoron), alhali agon 15.8 ya ishe shi, ga shi kuma ƙwayarsa ƙarama ce, ilektoron na iya wucewa ta gefenta sau da yawa bai same ta ba. Sai da na cika tukunyar da shi fiye da kima sannan ya kama, da wani kodaɗɗen haske mai ɗan ja. Zoben ma bai tsaya tsaf kamar na agon ba, ya yi faɗi ya yi laushi, domin gas ya yi yawa, ilektoron na yawan cin karo, kuma kowane karo na tsallakar da shi daga layi zuwa layi. Na bar shi yana ci tun hantsi har la'asar, na ciro gilashin na ɗaga shi a haske, da ƙyar ake gane an shafa masa wani abu. Ayon mai nauyin 4 ba shi da abin da zai yi wa ƙwayar titaniyom mai nauyin 48. Niyon ya fi shi dama, kuma launinsa ne na testar mahaifina sak, sai dai ya fi haske nesa ba kusa ba.

Zinon kuwa sau ɗaya na ga an kunna shi. 'Yar ƙaramar silinda ce da Farfesa ke kullewa a ofishinsa, don tsadarsa ba ta wasa ba ce: a cikin iskar da muke shaƙa, agon ya kusa kashi 1 cikin 100, shi kuwa zinon bai kai kashi ɗaya cikin miliyan 10 ba. Ilektoron-bolt 12.1 kawai yake buƙata, yana jin wuta ya kama, fari mai shuɗi-shuɗi. Masu shafa ƙarafa masu nauyi irin zinariya da tangistin su ne ke sha'awarsa, shi da kiribton. Sauran jama'a kowa agon, kuma ba don ya fi kowa a komai ba, sai don yana da araha, ba ya haɗuwa da komai, nauyinsa kuma ya yi kusa da na ƙarafan da aka fi aiki da su.

Inda abin ya rikiɗe shi ne lokacin da muka shiga gas masu haɗuwa da ƙarfe. In ka ƙara naitirojin a kan agon da faifan titaniyom, hasken sai ya karkata zuwa ruwan hoda, abin da ke sauka a gilashi kuma ya fito da launin zinariya. Shi ne rufin nan mai ruwan gwal da ake gani a bakin wasu ƙusoshin dirila a kasuwa. Oksijin shi ne mai taurin kai, kuma a kansa na yi digirina. Ina shafa sinadarin zink da oksijin a kan gilashi, rufin da haske ke ratsawa amma yana ɗaukar lantarki, irin wanda ake buƙata a wasu faya-fayan sola. Kullum in na auna, sai in tarar wurare biyu a jikin gilashin sun ƙi ɗaukar wuta yadda ya kamata, kuma wuraren suna fuskantar ramin zoben nan ne daidai. Oksijin yana da kwaɗayin ilektoron. Maimakon ya ba da nasa kamar agon, sai ya haɗiye na wani ya zama ayon mai cajin negatif. Faifan ma negatif ne, don haka sai ya cilla shi waje da dukan ƙarfin wutar. Cajinsa irin na ilektoron ne, amma nauyinsa 16, maganaɗisu ba ya iya lanƙwasa shi. Haka yake miƙewa ɗoɗar ya je ya daki rufin da nake wahalar ginawa. Masana sun daɗe da sanin wannan, nawa aikin shi ne auna yadda kaucar da gilashin gefe da sauya ƙarfin maganaɗisun ke rage ɓarnar.

Zaman bai zo da sauƙi ba. An yi wani lokaci kuɗin tallafinmu suka maƙale a gida, mai ɗakina ta koma yin dambun nama da cincin tana sayar wa ɗalibai 'yan Afirka, da shi muka riƙa biyan haya. A tsakiyar wannan ne bututun ruwan da ke sanyaya bayan faifan ya toshe ana cikin aiki. Maganaɗisun niyodimiyom ba sa son zafi, irin na yau da kullum suna fara rasa ƙarfi da sun haura digiri 80. Da aka gyara ruwan aka kunna, zoben ya dushe ya baje, wuta kuma ta ƙi tsayawa sai an ƙara gas. Muka zauna jiran sababbi daga waje. Mahaifina ya kira ni a waya a kwanakin, ya ce, "To wai har yanzu me kake karantawa ne?" Na ce, "Baba, abin nan ne da sifika ke yi wa talabijin." Ya yi dariya ya ce, "Shi ne sai an hau jirgi? Allah ya yi albarka."

Jiran ne ya ba ni damar zuwa wani taron masana filasma, kuma a nan na gane cewa abin da ke cikin tukunyarmu ya wuce shafa gilashi. Wani ya yi bayani a kan injin da ke tura tauraron ɗan'adam a sararin samaniya, ya nuna hotonsa: zobe ne mai haske, an ɗaure ilektoron da maganaɗisu, an bar ayon masu nauyi su fice ta baya da gudun kilomita 15 zuwa 20 a daƙiƙa. Tarayyar Sobiyet ta fara harba irinsa a farkon shekarun 1970, kuma da shi kumbon SMART-1 na Turai, wanda aka harba a 2003, ya kai duniyar wata da zinon kilo 82 kacal. Su nauyin suke nema da sauƙin kamawa, shi ya sa suka zaɓi zinon. Da kamfanin SpaceX ya zo harba taurarin Starlink dubbai, tsada ta sa ya koma kiribton, a 2023 kuma ya sauka kan agon, gas ɗin da masu walda ke saye.

Masu neman wutar lantarki irin ta rana kuma akasin haka suke so: su ayon ɗin ma suke son ɗaurewa, shi ya sa suke aiki da haidurojin da danginsa, da maganaɗisun da ya ninka namu sau ɗari da wani abu. Injin Wendelstein 7-X da ke Jamus da hiliyom aka fara kunna shi a Disambar 2015, sai a Fabrairun 2016 aka sa masa haidurojin. Akwai wani abu a fagensu da ya burge ni: a lissafi mai sauƙi, diyutiriyom, ɗaya daga dangin haidurojin, da ya ninka shi nauyi ya kamata ya fi saurin zillewa tunda da'irarsa ta fi faɗi, amma a injinan tokamak, wani nau'in injinansu mai siffar zobe, sau da yawa shi ya fi riƙe zafi. Sun shafe shekaru suna muhawara a kan dalilin.

A wurin shan shayi wani dattijon masani daga Indiya ya karanta katin da ke wuyana ya tambaye ni wane yanki na Najeriya. Na ce arewa. Ya ce, "Ashe a ƙarƙashin kogin lantarki aka haife ka." Layin da allurar maganaɗisu ke kwanciya sambal ba ta sunkuya ba bai bi tsakiyar duniya daidai ba, a Afirka ta Yamma ya hauro arewa zuwa wajejen digiri 10, ya ratsa ta ƙasarmu. A samansa, kilomita 100 zuwa 110, hasken rana na mayar da wani ɓangare na iska filasma. A wannan tsayin ilektoron na ɗaure da maganaɗisun ƙasa, amma ayon na oksijin da na haɗin naitirojin da oksijin suna yawan karo da sauran iska har ba sa iya kammala zagaye. Ɗaya ya bi umarnin maganaɗisu, ɗaya ya bi iska, bambancin tafiyarsu ya zama lantarki mai kwarara gabas da rana, faɗinsa wajen kilomita 600, yana kai ƙarshen ƙarfinsa dab da tsakar rana. A tashar Huancayo ta ƙasar Peru, wadda ta fara aiki a 1922, aka fara lura da alamarsa, Sydney Chapman ya ba shi suna a 1951, kuma Farfesa Cyril Onwumechili ya yi shekaru yana nazarinsa daga Ibadan. In ka ƙara sama inda iska ta yi ƙaranci sosai, ayon ɗin ma sai su shiga hannu, su da ilektoron su riƙa gusawa tare da sauri ɗaya ba ruwan nauyi. Can ne bayan faɗuwar rana filasmar kan yi ramuka, siginar GPS ta riƙa rawa, musamman a watannin Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba.

Na dawo gida ba tukunya, ba famfo, wutar ma sai an ga dama. Abin da na iya haɗawa shi ne wannan: taransifomar babbar wuta daga tsohuwar talabijin, zoben waya, ƙusa a tsakiya, da maganaɗisun sifika a ƙarƙashi. In aka kunna, siririn tartsatsi na tashi daga ƙusar zuwa zoben. Ba maganaɗisu, yana tsaye wuri ɗaya yana rawa. Da an turo maganaɗisun sai ya fara juyawa, yana ƙara sauri har ya zama faifan haske mai shuɗi. A kife maganaɗisun, ya juya ta ɗaya hannun. A iskar ɗaki karo ya yi yawan da ba ilektoron ɗin da zai gama zagaye, don haka zoben da na saba gani ba ya samuwa, igiyar wutar ce gaba ɗaya ake turawa gefe. Wani mai walda a bakin kasuwa yana ara mana silindar agon, muna busa shi a kan zoben, yara su ga tartsatsin ya ƙara tsawo ya sauya launi, don agon ya fi iska sauƙin kamawa. Shi ma mai waldar ya tsaya kallo, ya ce ya san abin: in yana walda da injin DC kusa da ƙarshen ƙarfe, wutar kan kauce masa gefe, sai ya sauya wurin da ya maƙala wayar as. Ba na barin ɗalibi ya taɓa na'urar, domin wutarta na iya kisa, ni nake kunnawa, ni nake sauke cajinta.

Wata ɗaliba 'yar aji uku ta tambaye ni bayan darasi, "Malam, in dai kogin nan yana samanmu, me ya hana mu auna shi?" Na ce mata sauyin da yake kawowa a ƙasa ƙarami ne, wajen nanotesla 100 a cikin fiye da 30,000 na ƙarfin maganaɗisun ƙasa, ma'aunin maganaɗisun da ke cikin wayar hannu ba zai gan shi da kyau ba, sai na'ura ta musamman da za a binne nesa da motoci da wayoyin wuta. Ita da abokan karatunta biyu sun riga sun samo fili a bayan gonar makaranta, takardar neman kuɗin na'urar kuma tana ofishin shugaban sashe tun zangon da ya wuce.